Kwambatar Motar Mahaifina

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk faɗin Illela babu ƙarfen da zai gagare ni, na yi wa mahaifina wani aiki wanda har yau in na tuna sai in ji jikina ya mutu. Na daɗe ina son in rubuta muku shi, kullum ina ɗagawa. Yau dai gareji ba kowa, ina zaune a kan tsohuwar taya ina korar ƙuda, bari in sauke abin nan in huta.

Waɗanda suka san ni sun san ni bakanike ne. A lokacin na haura shekara ashirin ina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, galibi na 'yan kasuwarmu masu tsallaka iyaka da albasa da wake da dabbobi. Duk motocin nan giyar hannu ce da su. Kulocin da na canza ban san adadinsa ba, ko ido a rufe hannuna ya san hanya. Wannan sanin hanyar ne ya kai ni ya baro.

Mahaifina tsohon direba ne. Ƙuruciyarsa duk a hanyar Ƙwanni zuwa Tawa zuwa Agadas ta ƙare, yana tuƙa wa wani attajiri babbar mota. A Tawa ya sayi motar da nake magana a kanta, daga hannun wani Bature irin waɗanda a da suke keto sahara da tsofaffin motoci, su sayar a Nijar, su koma gida a jirgi. Doguwar mota ce ƙirar Jamus, ruwan madara, kujerunta faɗi kamar gado, kuma ta girme ni. Giyarta otomatik ce, wato babu kuloci, ƙafar dama kaɗai ke aiki. Abokansa direbobi sun sha yi masa tsiya wai ya sayi motar ragwaye. Shi kuwa ya ce a bar shi da ragwancinsa.

Ta yi masa hidima shekara da shekaru. Daga baya ta fara karkarwa in za ta tashi, sai kuma wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, a ƙarshe ta daina jan kanta gaba ɗaya. Na duba na ce kwambata ce. Ga wanda bai sani ba, kwambata wani ƙarfe ne mai kama da ƙwarya biyu da aka kife ɗaya a kan ɗaya aka liƙe, cike da jan mai, tana zama tsakanin inji da giyabos. Aikin da kuloci ke yi a motar giyar hannu, shi take yi a irin wannan mota. Na ce zan nemo wata. Shekara uku ina cewa zan nemo. Mota na ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, kajin mahaifiyata suna yin ƙwai a inuwarta, shi kuma yana lallaɓawa da wata ƙaramar mota mai giyar hannu. Gidan bakanike ne, kun san yadda abin yake.

Sai ciwo ya taɓa shi. Hawan jini ya kada shi wata safiya, ya tashi ɓarin hagu a sanyaye. Hannun ya dawo sannu a hankali, ƙafar kuwa ta ƙi, sai da sanda yake jan ta. Ƙaramar motar ta gagare shi tunda babu ƙafar taka kuloci. Kamar hakan bai isa ba, muka je Sakkwato wajen likitan ido, ya ce akwai hawan jinin ido kuma an makara. Magani zai rage wa abin gudu ne kawai, amma ganin zai yi ta tsukewa har ya tafi. A gabana aka faɗa, ba labari aka ba ni ba.

Yana da yaya mace a Kalmalo, gwaggona, ita ta goye shi. Tun tasowata, duk Juma'a in an sauko daga masallaci zai je ya gaishe ta, ya zauna har la'asar, ya leƙa gonarsa ta bakin tafki, ya dawo. Bayan ciwon sai dai a kira mai kabu-kabu, wato ɗan acaɓa, a ɗora shi a baya, a ɗaga masa ƙafar a ajiye a wurinta. Mutumin da ya keta hamada da babbar mota. Wata Juma'a ya dawo, gefen rigarsa duk ƙasa, ya zauna a kujerarsa ta bakin rumfa ya daɗe yana kallon motar, sannan ya kira ni.

"Malam bakanike," ya ce. Haka yake kirana in zai tsokane ni, amma ran nan babu dariya a muryarsa. "Yau awa buhun albasa anka ɗauke ni, awa buhun albasa anka sauke ni. Motar ga ƙahwa guda taka so, ni ko ƙahwa guda ag gare ni. Ka tashe ta tun ina ganin hanya."

Maganar ta shige ni. Washegari na kira wani abokina a Ƙwanni. Tare muka yi koyon aiki a wurin ubangida ɗaya, shi ya koma can, hannunsa ya faɗa kan motocin otomatik na manyan ma'aikata. Cikin sati uku ya samo kwambata mai lafiya daga wata mota da ta yi hatsari a Maraɗi. Ya aiko mini da ita ranar Alhamis, tare da saƙon cewa in jira shi ran Lahadi in ya shigo kasuwa mu ɗaura tare. Dariya na yi. Ni da na riga shi iya riƙe sifana, ni zai koya wa ɗaura giyabos? Na shiga gida da ita a rungume, na ce wa mahaifina gobe da kansa zai kai kansa Kalmalo. Ba wanda ya sa ni wannan alkawari, bakina ne.

Lokacin bazara ne, zafi tun da hantsi. A gareji kuma motoci uku na jirana, duk masu su na son su tashi kafin kasuwar Lahadi, wayata ba ta hutawa. Satin nan gaba ɗaya a gajiye nake, irin gajiyar da in ka sunkuya ɗaukar noti sai ka yi shawara da bayanka. Na riga na sauke giyabos ɗin tun farkon sati, don haka na ce aikin safiya ɗaya ne, in gama kafin masallaci.

Da gari ya waye na ɗaga motar na ɗora a kan kututture. Jak ɗina ɗaya ne, kuma giyabos ne zai hau kansa, sai na rasa abin da zan tokare bayan inji da shi. Na waiwaya na ga turmin mahaifiyata. Ina mirgino shi ta leƙo daga madafa ta ce, "In kah hwasa min turmi, ga tahin hannunka za ka daka hurar yau." Na ce ba abin da zai same shi. A nan dai na yi gaskiya, turmin bai ko tsage ba.

Bari in gaya muku yadda muke yi a motar giyar hannu, don ku gane inda na faɗa. Kuloci a jikin inji ake fara ɗaure shi, sannan a kawo giyabos a zura. In ya ɗan ƙi haɗuwa, ya bar rata, sai a sa notuna a ja shi a hankali har baki ya haɗu da baki. Ko a can ma ba daidai ba ne, amma duk garejin da ke bakin hanyar nan haka ake yi, kuma yawanci ana tsira. To hannuna bai yi shawara da ni ba. Na ɗauki kwambata na manna a faifan inji, na shiga ɗaure ta. Notunanta a lungu suke, sai ka juya inji ka kama ɗaya, ka sake juyawa ka kama na gaba, kana kwance rigingine ƙasa na zubo maka a ido. Na sha wuya kafin na gama, na ɗaure su tamau.

Mahaifina na zaune a kujerarsa yana jan carbi. Da na fito shan iska ya ce, "Wai mi kaka yi can ciki?"

"Ɗaure ta nika yi ga inji, Baba. Na ma ƙare."

"Ba ga inji aka hwara sa ta ba," ya ce. "Ga giyabos aka sa ta. Ka zuba mata mai, ka zura, kana juyawa kana turawa, har ta hwaɗa ciki sau ukku. Da idona nig gani a Tawa, sa'ad da Baturen yas sa anka buɗe ta kahin in saye. In ba ta yi ukku ba, ba ta zauna ba."

Na share gumi na ce, "Baba, tuƙi daban, gyara daban. Shekara nawa ina wanga aiki?"

Ya dube ni ya ce, "To." Ya ci gaba da jan carbinsa.

Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau ita ce, tun a lokacin na ji a jikina maganarsa na kan hanya. Ba wai ban yarda ba ne. Na tuna notunan nan na lungu, na tuna sai na sake kwanciya na kwance su ɗaya bayan ɗaya, ga bayana na ciwo, ga rana na yi, ga waya na kuka a aljihu. Aikin da ba zai wuce minti ashirin ba. Na ce a raina, ai duk hanya ɗaya ce, ko ta gaba ka shiga ɗaki ko ta baya. Ganda ce kawai da ɗan girman kai.

Na kira maƙwabta biyu suka tallafa muka ɗora giyabos a kan jak, muka tura shi ƙarƙashi, na daidaita. Ya shiga, ya shiga, sai ya tsaya. Saura rata kamar kaurin yatsa. Na jijjiga, na ɗaga, na sauke, ya ƙi. Na sallami maƙwabtan da godiya, na ɗauko dogayen notuna na sa, na fara ja kamar yadda na saba, wannan gefe kaɗan, wancan gefe kaɗan. Sifana ta yi nauyi a hannuna fiye da yadda ya kamata. Na sa ƙarfi. Sai na ji ƙas, ƙaramar ƙara, kamar an fasa goro. Daga nan sifana ta yi sauƙi, baki ya haɗu da baki lafiya lau.

Ina kwance a ƙarƙashi na ji ƙarar carbin ta tsaya. Ba wanda ya tambaye ni komai, amma na ɗaga murya na ce, "Turmi na yam motsa." Na ƙarasa haɗa sauran kaya, na zuba jan mai, na sauke mota, na yi wanka muka tafi masallaci. Ban tayar da injin na gwada ba. Na ce wa kaina lokaci ne ya ƙure, amma tsoro ne.

Da muka dawo ya shiga ɗaki ya sake riga, ya fito da farar babbar rigarsa da hula sabuwa. Mahaifiyata ta ƙulla wa gwaggo kuka da daddawa ta ajiye a kujerar baya. Maƙwabta suka leƙo, har da masu cewa a sauka lafiya. Ya jingine sandarsa, ya shiga, ya ɗaga ƙafar hagu da hannu ya shigar da ita, ya gyara madubi, ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Inji ya tashi da wata murya mai taushi, kamar ba shi ya shekara uku a kwance ba. Na ga fuskarsa ta saki, rabon da in ga haka tun kafin ciwon.

Ya taka birki, ya ja giya zuwa gaba, ya saki birki. Mota ba ta motsa ba. Ya ɗan taka totur, inji ya yi kuka, ita kuwa ko gezau. Ya mayar baya, haka. Wani siririn kuka kawai ke fitowa daga ƙarƙashi. Ya kashe, ya zare makulli, ya bar hannayensa a kan sitiyari ya ɗan jima. Maƙwabta suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya.

"A kira min mai kabu-kabu," ya ce. "Tana can tana jira."

Mahaifiyata ta buɗe ƙofar baya ta ɗauke ƙullinta, ba ta ko dube ni ba.

Maimakon in yi shiru, sai na ƙara wa kaina. Na ce kwambatar ce ba ta da kyau, an cuce mu. Na kira abokina a waya na wanke shi tas, har da cewa in bai san kaya ba ya daina aiko wa mutane. Bai yi musu ba, ya ce Lahadi na nan tafe. Ran Lahadi da hantsi ya shigo da jakar kayan aikinsa, ya durƙusa ya gaida mahaifina, muka sake sauke giyabos. Yana ja baya, ya ga kwambata maƙale a jikin inji, sai ya juyo ya dube ni. Da wannan kallon, na gwammace ya zage ni.

A bakin giyabos akwai famfon mai, shi ke tura jan man nan ko'ina, in babu shi giya ba ta shiga. A cikinsa akwai wani ƙaramin ƙarfe mai haƙora da kunnuwa biyu, waɗanda dole su faɗa cikin tsagar da ke wuyan kwambata. Faɗawa ta uku da mahaifina ke faɗa ke nan. Ni kuwa ban bar su sun sami tsagar ba, na danne su da ƙarfin noti. Abokina ya kwance famfon, ya zazzage, ƙarfen ya faɗo gida biyu, jikin famfon ma duk ya karce. Ya ɗora mini gutsattsarin a tafin hannu, ya yi ƙasa da murya don kada tsoho ya ji.

"Mushe," ya ce, wato malam a bakin mutanen Nijar, "wanga ba aikin Maraɗi ba na. Aikin Illela na."

Daga kujerarsa mahaifina ya ce, "Ba sai kun yi ƙasa da murya ba. Idona ad da ciwo, kunnena lahiya lau. Tun ran Juma'a nij ji sa'ad da yah hwashe."

Na ce, "Baba, ka jiya, kuma kas sa riga kash shiga mota?"

Ya ce, "Na ce ko Allah shi sa kunnen ya yi ƙarya."

Na ba abokina haƙuri, ya ce ba komai, har ya tsokane ni wai in ina son koyon aiki ƙofarsa a buɗe take. Na juya wurin mahaifina na ce ya yi haƙuri. Ya ce, "Haƙuri kam shi muka yi. Nemo wani." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Na ɗauka sati biyu ne ko uku, kamar kwambata. Ashe kwambata ce mai sauƙin samu. Famfon motar da ta kai waɗannan shekaru, wanda duk ka tambaya sai ya dube ka kamar ka ce ya nemo maka nonon kaza. Na je Sakkwato na zagaye masu tsofaffin kaya. Na je Kano sau biyu, na dawo da wani da aka rantse mini shi ne, muka gwada haƙoransa ba su yi daidai ba. Abokina ya sa cigiya a Maraɗi da Yamai, ya ce ko da sefa ko da naira a kawo. Wani mai walda ya ce zai liƙe mini fasasshen, na kusa yarda don gajiya, abokina ya ce in na kuskura kada in ƙara kiransa. Na gaji da jin a dawo wani sati. Na gaji da hawa motar haya da gutsuren ƙarfe a aljihu ina nuna wa mutane. Masu motocin da nake gyara wa suka fara ƙorafi ba sa samuna, wasu suka koma wani wuri, ban ga laifinsu ba.

Kullum da safe in na shiga gaishe shi, bayan an gama gaisuwa sai ya ce, "Ina labari?" In ce, "Ana nan ana nema." Ya ce, "To, Allah shi sa a dace." Damina ta sauka, gero ya yi kai, aka girbe. Ni ina kallon abin da likita ya faɗa yana faruwa a gabana. Ya fara zuba shayi a gefen kofi. Wani maƙwabci ya zo gaishe shi, ya miƙa hannu inda mutumin ba ya nan. Wata rana ya ce mini ganinsa ya koma kamar mai leƙe ta cikin bututu, abin da ke tsakiya kawai yake gani, shi ma da hazo-hazo. Duk Juma'a kuwa mai kabu-kabu na zuwa ƙofar gida, a ɗora shi, a ɗaga ƙafa a ajiye. Nakan ce zan ari mota in kai shi, ya ce a'a, in je in yi nemana.

Sai wata safiya na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi iyali. Na ɗan jira, bai ce ina labari ba. Washegari ma haka. Ina fita mahaifiyata ta tare ni a zaure ta ce, "Ya bar tambaya, ka lura?" Na ce na lura. Ta ce, "To," ta koma ciki. Ranar ban iya taɓa aikin kowa ba, na zauna a gareji har azahar ina juya sifana a hannu.

Wata bakwai cif sannan aka dace. Wani direban albasa da ke zuwa Kwatano ya samo shi a wani fili da ake tara matattun motoci, ya kawo mini a naɗe cikin tsumman buhu. Wannan karon ban ko kwance tsumman ba sai da abokina ya tsallako. Muka ɗaura famfon da safe, a tsakar gida. Na jawo kujerar mahaifina kusa, na ajiye giyabos a gabansa. Na zuba wa kwambata jan mai, na ɗauke ta da hannu biyu na zura a hankali. Ya laluba ya ɗora tafinsa a bayanta.

Na juya ina turawa, ta faɗa, ƙwal. Na ci gaba, ba a jima ba ta sake faɗawa. Ta ukun ce ta ƙi zuwa. Na juya dama, na juya hagu, na ɗan ɗaga, na tura. Abin da nauyi, damatsana suka fara rawa. Kuma wallahi, bayan duk abin da ya faru, sai da bakina ya ce, "Ina jin ta zauna." Abokina ya ɗaga kai ya dube ni.

Mahaifina ya ce, "Biyu nij ji."

Na ci gaba da juyawa. Can sai ta sulale ciki da wata ƙara mai zurfi, ta shige sosai har na yi mamakin sauran wurin da ke ciki. Ya ɗauke hannunsa ya ce, "Yawwa." Muka ɗaga giyabos, da hannu kawai ya haɗu da inji, babu rata ko ta zare. Na sa yatsa ta ƙasa na juya kwambata, tana yawo abinta, sannan na jawo ta na ɗaure a faifan inji. Duk abin nan na juyawa da turawa bai kai a sha kofin shayi ba.

Mota ta tashi, ta ja. Na fita da ita har bakin kwalta na dawo, giya na shiga ba ka ko ji. Ran Juma'a ya sa farar rigarsa, mahaifiyata ta sa ƙullinta a baya. Na ɗora masa makulli a hannu. Ya taka da sandarsa, yana shafa jikin motar har ya kai ƙofar direba, ya buɗe, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya mayar ya rufe, ya bi ta gaba yana dafa bonet, ya zagaya ɗaya gefen. Ya miƙo mini makullin ta saman mota, ba daidai inda nake ba.

"Ƙohwar gida ma ban ganin gehenta," ya ce. "Ja mu tahi."

Kafin a kai Kalmalo akwai wani fili shimfiɗaɗɗe inda ake koyon mota in an kwashe amfanin gona. Na sauka daga hanya na tsaya a tsakiyarsa. Na ce, "Baba, nan babu kowa, babu rami, babu icce. Ka dawo nan ka ja, ni ina hwaɗa maka dama da hagu." Tun daren da famfon ya iso nake shirya wannan magana, ina ganin na samo abin da zai wanke ni.

Ya yi 'yar dariya. "In yi ta zagaye hili awa ɗan koyo, kana ja na da baki? A'a, malam bakanike. Ni ba juya sitiyari nika marmari ba. Abin da nis so, in tashi in tahi wurin 'yar'uwata ban jira kowa ba. Wanga ko ya wuce. Mu tahi, kar mu makara."

Babu fushi a muryarsa, kamar yana faɗa mini farashin gero ne. Na mayar da mota kan hanya.

Ya ƙara shekara huɗu a duniya bayan wannan. Duk Juma'a ina rufe gareji in kai shi in dawo da shi, ko mai mota na kuka ne. Bai taɓa tayar da maganar famfo ba, ko a wasa, ko a gaban gwaggo. Da ya yi mini faɗa sau ɗaya da na fi samun sauƙi. Mutane sun sha ce mini ƙaddara ce, idon zai tafi ko da mota ko babu. Haka ne, ban musa ba. Amma watanni bakwai ɗin nan yana ganin hanya a cikinsu, aƙalla a farkonsu, kuma Juma'o'in da ke ciki nasa ne, ni na kashe masa su don ƙyuyar kwance noti.

In an ji labarin nan sai a ce darasin shi ne a riƙa jin maganar manya. Ni ba haka na gan shi ba, don na ji maganar, na kuma san gaskiya ce tun a lokacin. Abin da na gano shi ne yawancin ɓarnar da na yi a wannan sana'a ba rashin sani ya sa ni ba, gajiya ce da son a gama. Yanzu in ina haɗa abu ya bar rata, ko ta kaurin farce ce, ajiye sifana nake in fita in sha ruwa in zauna. Masu motoci suna cewa na tsufa, na cika nawa. Ba na musu da su, ba ni ma da ƙarfin musun.

Motar na nan a wurina, ina fita da ita jefi-jefi. A shekaru huɗun nan da nake kai shi, ya haddace hanyar Kalmalo da jikinsa, ya san kowace kwana da kowane gargada. In mun doso inda ya kamata a rage gudu, sai in ga ƙafarsa ta dama ta danna ƙasa a gefen fasinja, inda babu birki babu komai. Bai san ina gani ba. A hankali shimfiɗar wurin ta cinye, ta yi wani ɗan rami daidai faɗin takalminsa. Bara mai ɗinkin kujeru ya sake mini duk cikin motar, ya kai hannu zai yaye wannan shimfiɗar, na ce ya bar ta yadda take.